A Minna Na Ga Shugabar Makaranta da Alli a Hannu

Duk wanda ya taɓa riƙe makarantar sakandare a ƙasar nan ya san sunan Minna, ko da ƙafarsa ba ta taɓa taka garin ba. A can hedikwatar NECO take, a kan hanyar Bida, tun da gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ta kafa hukumar a 1999, daga can kuma ake sakin sakamakon da ke hana firinsifal barci. Ni ma shekara da shekaru iyakar sanin da na yi wa Minna ke nan, adireshi a bayan ambulan. Sai da ɗaurin auren 'yar wani abokina, wanda muka yi kwalejin horon malamai tare, ya taso ni daga Katsina, sannan na ga garin da idona.

Tafiyar akwai nisa. A lokacin direbobi ba sa son hanyar Birnin Gwari da Tegina duk da ita ce yanke, don haka sai an bi ta Funtuwa da Zariya da Kaduna, a miƙe hanyar Abuja, a karya kwana a Dikko. Daga nan ƙasa ke sauya kama. Itatuwa sun fi namu duhu, doya jibge a bakin titi, matan Gwari na tafe da kaya a kafaɗa maimakon a ka. A wuce Lambata, a wuce Paiko, sai ga Chanchaga, an shigo gari.

Jirgin ƙasa ne ya raini Minna. Layin dogon Baro zuwa Kano da aka kammala a 1911 ta nan ya ratsa, a nan kuma ya haɗu da wanda ya taso daga Ikko, shi ya tara wa ƙauyen Gwarawa baƙi daga ko'ina. Da aka yanki jihar Neja daga tsohuwar jihar Arewa maso Yamma a 1976 sai garin ya zama fadar gwamnati. In ka shiga Kasuwar Kure za ka ji Gwaranci da Nufanci da Yarbanci da Ibo a layi guda, amma in ciniki ya kankama da Hausa ake ƙarasa shi. Garin ba shi da hayaniyar Kano. Tuddai sun kewaye shi, mutanensa ba su da gaggawa, sakwararsu kuwa sai wanda ya ci.

Abokina yana koyar da lissafi a wata makarantar gwamnati ta jeka-ka-dawo, daga cikin waɗanda ke gefen gari. Bayan an watse daga biki ya ce ba zan koma ba sai na raka shi wurin aiki. Na ce masa, mutumina, me zan gani a makarantar gwamnati da ban baro a gida ba? Ya yi dariya ya ce in dai shirya da wuri, don Hajiya, shugabar makarantar, ba ta jiran kowa.

Ginin dai irin namu ne. Fenti ya koɗe, wasu tagogin babu marufi, wani ajin yara sun fi bencina yawa. Amma tun kafin a kaɗa ƙararrawa na ga wata dattijuwa tsaye a bakin ƙofa, ba bulala a hannunta, tana amsa gaisuwar yara, tana kiran malamai ɗaya bayan ɗaya tana tambayar kwanan iyali. Wani malami ya iso a makare, yana tura babur ɗin da ya mace masa a hanya. Ba ta ce masa komai a gaban yara ba, illa "Malam, sannu, aji na jiranka." Rajistar zuwa aiki na kan wani tebur kusa da ita, sunanta ne a layin farko. Abokina ya raɗa mini cewa tun da aka kawo ta ba a taɓa ganin wani suna a saman nata ba, shi ya sa jan layin da take yi a ƙarƙashin sunayen waɗanda suka zo kan lokaci ba ya ɓata wa kowa rai.

Aka gama taron safe, na zaci za ta shige ofis. Sai na ga ta ɗauki alli da littafi ta nufi aji ɗaya na ƙaramar sakandare. Ashe tana da darasinta na Turanci a jadawali, kuma ajin da malamai suka fi gudu ta zaɓar wa kanta, na sababbin shiga, waɗanda wasunsu suka baro firamare ba su iya haɗa baƙi ba. Na leƙa ofishin malamai, inda a makarantu da yawa nan ne majalisar hira da cinikin atamfa da lissafin adashi. Mutum biyu na tarar, kowanne na duba littattafan yara. Sauran duk suna aji.

Wajen ƙarfe 11 ta shiga ajin wata yarinya 'yar bautar ƙasa da aka turo daga kudu, ta zauna a bencin baya tare da ɗalibai, ta ba ni izinin zama kusa da ita. Yarinyar ta san kimiyyarta, sai dai da allo take magana, ta ba yara baya, Turancinta kuma na gudu. Hajiya ba ta katse ta ba, ba ta ko girgiza kai ba. Bayan an fita ta kira ta gindin wata bishiyar mangwaro, ta fara da yaba mata zanen da ta yi a allo, sannan ta ce, "'Yata, gobe in kin yi bayani ki juyo ki dube su. Ki tambayi na baya kafin na gaba. In kin ga sun yi tsit, ba ganewa suka yi ba." Ta haɗa ta da wata tsohuwar malama mai jin Gwaranci da Hausa, ta ce su riƙa shirya darasi tare. Yarinyar ta ce, "Na gode, Mama," da 'yar Hausar da ta tsinta. Na sha ganin sufeto ya zauna a bayan aji, na kuma san yadda gwiwar malami ke sanyi in ya hango shi. Wannan zaman daban ne, don mai zaman gobe ma tana nan, kuma ita ma ana iya zama a bayan nata ajin. Abokina ya ce takan gayyaci sababbin malamai su kalli darasinta, su faɗa mata inda ta gaza.

A ofishinta akwai kabad, a buɗe, kusan babu komai ciki. Na san makarantun da littattafan da gwamnati ta raba ke kulle a kabad ɗin shugaba kamar kayan ɗakin amarya, ana jiran ranar da baƙi za su zo a nuna musu, gara na ci. Ita ta raba nata ga malamai, kowa ya sa hannu, ta ce littafin da ya yage a hannun yaro ya yi aikinsa. A bango ta manna wata takarda mai sunayen malamai duka, da bitar da kowa ya taɓa zuwa. Duk malami ya san abin da wannan takarda ke nufi. Bita tana zuwa da ɗan kuɗin zama, kuma a wurare da yawa masu uwa a gindin murhu ne ke zuwa kullum, har malamin tarihi ya tafi bitar lissafi. A nan layi ake bi, wanda ya dawo kuma sai ya tsaya gaban 'yan'uwansa ya koya musu abin da ya samo. Malama mai shayarwa an ɗauke mata darasin farko an mayar mata da shi tsakiyar rana. Uban da ya zo da faɗa don an hukunta ɗansa, ofis ake kai shi, ba ya isa ƙofar aji, in kuma malamin ne da laifi, tsakaninsa da ita ne bayan uban ya tafi.

Da ta samu sarari na ce, "Ranki ya daɗe, mene ne sirrin?"

Ta ce, "Malam, wane sirri? Ba ni na ɗauke su aiki ba, ba ni da ikon korar kowa, ba na iya ƙara wa mutum ko kwabo a albashinsa. In ƙarin girma ya makale, tare muke jira. Abin da ke hannuna kaɗan ne: jadawali, da alli, da adalci, da kuma malami ya san akwai mai ganin aikinsa. In ya yi da kyau a gani, in ya yi sakaci a gani. Yawancin malaman da ake kira malalata, shekaru suka yi ba wanda ya leƙa ajinsu."

Abokina shaida ne a kan wannan. Kafin a yi masa canji zuwa nan, ya ce, ya zauna ƙarƙashin wani shugaba da ba a ganinsa sai ƙarshen wata, makullin ofis a aljihunsa, shi kuma yana can yana bin kwangila. Takardar shaidarsa ta NCE ba ta canza ba, albashinsa bai canza ba, amma a can tsohon littafin shirin darasinsa yake kwafewa duk shekara, a nan kuwa har dare yana neman hanyar da zai sa yaro ya gane lissafin kashi-kashi. Na san shi tun muna samari, ban taɓa jin yana zancen ɗalibansa da sunayensu ba sai a wannan zuwan.

Makaranta guda ba ta isa a yanke wa gari hukunci ba, kuma na tabbata a Minna akwai shugabanni irin wancan mai makulli. Amma da na zagaya na ji hirar malamai, sunan gida ɗaya ya yi ta dawowa, gidan Lemu, har na fahimci Hajiya tana da inda ta gado. Marigayi Shaikh Ahmad Lemu, wanda aka haifa a garin Lemu kusa da Bida a 1929, mafi yawan mutane sun san shi da alƙalanci, don shi ne Alƙalin Alƙalan jihar Neja daga 1976 zuwa 1991, shi ya jagoranci kwamitin binciken rikicin bayan zaɓen 2011, ya kuma karɓi lambar Sarki Faisal ta hidima ga Musulunci a 2014. Amma kafin rawanin shari'a malamin aji ne. Ya koyar a Bida, ya shugabanci Makarantar Nazarin Larabci ta Kano, wadda ake kira SAS, ya riƙe kwalejin horon malaman Larabci a Sakkwato, ya yi aikin duba makarantu. Duk matakin da ke tsakanin alli da ma'aikatar ilimi sai da ya taka shi.

A SAS ɗin ne wata Baturiya 'yar Ingila ta zo koyarwa a 1966. An haife ta a garin Poole a 1940, ta musulunta a Landan a 1961, ta yi karatun harshe da tarihin Sin a SOAS. Ita da Shaikh suka yi aure a 1968, ta zama Hajiya Aisha Lemu. Ta shugabanci kwalejin 'yan mata ta gwamnati a Sakkwato, bayan an ƙirƙiro jihar Neja kuma ta riƙe kwalejin horon malamai mata ta Minna. A 1969 su biyun tare da Alhaji Sani Ashafa Suleiman suka kafa gidauniyar ilimi ta IET, wadda daga baya ta tare a Minna, ita ce kuma ta buɗe makarantar New Horizons cikin shekarun 1990. A Minna aka kafa ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN a 1985, Hajiya Aisha ce Amirarta ta farko, kuma ƙungiyar ta buɗe makarantu a jihohi da dama. Duk wanda ya yi darasin addinin Musulunci a sakandare cikin Turanci, da wuya bai riƙe littafinta ba. Ta rasu a Janairun 2019, Shaikh ya bi ta a Disambar 2020.

Na bi ta titin Ilmi, inda ofishin gidauniyar yake. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne irin shugabancin da mutanen nan biyu suka nuna wa garin. Shugabar da ta zauna ta rubuta littafin da malaminta zai koyar da shi ta san wahalar darasin kafin ta tambaye shi dalilin da bai gama manhaja ba. Kuma kwalejin horon malamai mata ba ƙaramin wuri ba ne: 'yan matan da suka ga yadda ake riƙe makaranta a can su ne suka bazu a firamaren jihar, wasunsu suka zama shugabanni, suka raini wasu. Irin wannan gado ba ya shiga kundin ma'aikata, a ɗabi'ar mutane ake ganinsa.

Akwai wani abin kuma da Minna ta yi suna a kai, wato rubutu. A nan aka haifi Cyprian Ekwensi a 1921 da Ben Okri a 1959, jihar ce kuma ta ba da marigayi Abubakar Gimba. Amma wani na baya-bayan nan shi ya fi burge ni. B.M. Dzukogi malamin makaranta ne da ya fara tara yara masu sha'awar rubutu a makarantar Hill-Top, abin ya girma ya zama gidauniyar da ta yaye matasan marubuta da yawa, ɗansa Saddiq ma yanzu sanannen mawaƙin Turanci ne da ke koyarwa a jami'a a Amurka. Ni da na san makaranta ta ciki, na san malami ba ya tara yara bayan an tashi sai an bar masa ɗaki a buɗe. Malamai nawa ne a garuruwanmu suka zo da irin wannan niyya, aka ce musu ba ya cikin manhaja, ko aka zarge su da neman suna, suka naɗe tabarmarsu?

Masu bincike sun daɗe da faɗin abin da na gani. A 2004 wasu masana daga jami'o'in Minnesota da Toronto suka tattara nazarce-nazarcen da aka yi, suka ce a cikin abubuwan da ke hannun makaranta, in aka cire koyarwar aji, babu abin da ya kai shugabanci tasiri a kan karatun yara. Binciken da Bankin Duniya ya yi a firamaren jihohin Anambra da Bauchi da Ekiti da Neja a 2013, inda ake dirar wa makaranta ba sanarwa, ya tarar da wani kaso na malamai sun zo aiki amma ba sa cikin aji. Wannan ba matsalar gwamna ba ce, ba ta kwamishina ba, tazarar da ke tsakanin ofishin malamai da ƙofar aji mutum ɗaya ne ke iya rufe ta. Rahoton UNESCO na 2024 a kan shugabanci a harkar ilimi ya kawo wani bincike na ƙasashe 14 da ya nuna shugabannin makarantu na kashe kashi 68 cikin 100 na lokacinsu a kan ayyukan ofis na yau da kullum. Cike fom, kai rahoto, zaman taro, karɓar baƙi. Ajin da aka naɗa su dominsa shi ke samun ragowa.

Mu kuwa in karatu ya lalace malami muke kamawa. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, 21,780 suka faɗi, aka sallame su. Ba na musun cewa akwai waɗanda bai kamata a ba su alli ba tun farko. Tambayata ita ce, shekarun da suka yi suna shiga aji, ina hedimastocinsu suke? Wa ya zauna a bayan ajinsu ya ga ba su iya ba, ya gyara, ko ya kai rahoto? Muna da TRCN mai yi wa malami rajista, muna da NTI a Kaduna tun 1976 tana ƙara masa ilimi, amma kujerar shugaba galibi da daɗewa a aiki ake samunta, ko da sanayya. A wayi gari a miƙa wa mutum makulli da hatimi, ba wanda ya koya masa yadda ake kallon darasi, ko yadda ake gaya wa wanda ya girme shi cewa aikinsa na da gyara.

Ba zan ɓoye cewa jihar Neja na ɗauke da nata ciwon ba. A 17 ga Fabrairun 2021 'yan bindiga suka shiga kwalejin kimiyya ta gwamnati da ke Kagara, suka kashe ɗalibi guda, suka tafi da ɗalibai 27 da malamai da iyalansu. Kagara kuwa ita ce mahaifar Abubakar Imam, wanda ya zo mana Katsina karatu, ya koyar a Midil, kafin ya rubuta Magana Jari Ce. A ƙarshen Mayun 2021 ɗin aka kwashe yara fiye da 100 daga wata Islamiyya a Tegina. A ajin Hajiya akwai yaran da iyayensu suka gudo daga ƙauyukan Shiroro da Munya, wasu sun yi shekara ba su ga allo ba. Ta ware musu darasin karatu bayan an tashi, malamai na karɓa-karɓa ba tare da an biya su ba, ranar farko ta mako kuma tata ce. Na tambayi ɗaya daga cikinsu me ya sa ya yarda. Ya ce, "Yallaɓai, in Mama ta tsaya, da wane ido zan hau babur in tafi?"

Kirana ga ma'aikatun ilimi na jihohinmu da hukumomin SUBEB, har da tawa ta Katsina, bai wuce wannan ba. Kafin a naɗa mutum shugaban makaranta, a je a zauna a bayan ajinsa a ga koyarwarsa, a tambayi malaman da suka yi aiki da shi. In an naɗa shi a horar da shi, a rage masa fom, a bar masa darasi ko guda ne a jadawali. Ƙungiyar firinsifal-firinsifal ta ANCOPSS kuma, da ke taro duk shekara a manyan ɗakuna, ta gwada kai mambobinta irin wannan makaranta ta gefen Minna, su isa kafin a kaɗa ƙararrawa.